Gwagwarmayar Neman Soke 'Yan Sanda a Birnin Minneapolis



Maganar da zan yi a yau ta shafi wani birni ne na ƙasar Amurka mai suna Minneapolis, a cikin jihar Minnesota, da kuma waɗansu ƙananan ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda ba riba suke nema ba, da suka tashi haiƙan a kan lalle sai an janye kuɗin da ake kashewa a kan 'yan sandan birnin, daga bisani kuma a soke rundunar ɗungum. Wanda ya ji wannan magana karon farko zai ɗauka ko wauta ce, ko kuwa zafin kai irin na ƙuruciya. Amma fa a ranar 7 ga watan Yuni na shekarar 2020, 'yan majalisar birnin su 9, daga cikin kujeru 13, sun hau dandamali a wani fili da ake kira Powderhorn, suka yi alkawari a gaban jama'a cewa za su fara aikin rushe rundunar. Abin da ya kai majalisa guda ga yin irin wannan alkawari, da abin da ya hana ta cika shi, su ne za mu bi diddiginsu.

Da farko dai ya kamata mu san cewa Amurka ba ta da rundunar 'yan sanda guda ɗaya ta ƙasa baki ɗaya kamar yadda muke da ita a Nijeriya. Akwai hukumomin tsaro irin na 'yan sanda wajen 18,000 a ƙasar, mafi yawansu kuwa na birane ne da gundumomi. Magajin gari shi ke zaɓar shugabansu, majalisar birni kuma ita ke ware musu kuɗi a kasafin kowace shekara. Saboda haka duk wanda yake da ƙorafi game da 'yan sanda, kuma ya fid da rai daga kotu, to akwai wata ƙofa da ta rage masa, watau zaman kasafin kuɗi na majalisar birninsa. Dattawan da ke cikin wannan zaure za su tuna da 'yan doka na zamanin En'e, waɗanda jam'iyyar NEPU ta yi ta kuka da su tun daga kafuwarta a 1950, har gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta haɗe su da 'yan sandan Nijeriya a ƙarshen shekarun 1960. Mu ma ke nan mun taɓa soke 'yan sandan gida. Sai dai abin da muka yi shi ne ɗauke sanda daga hannun ƙaramar hukuma zuwa hannun babba. Ƙungiyoyin Minneapolis kuwa sandar ce kanta suke so a ajiye.

Rahoton shekara 150

An kafa rundunar 'yan sandan Minneapolis a 1867, shekarar da aka mai da garin birni mai magajin gari. Da shekarar 2017 ta zo, rundunar ta cika shekara 150, sai wasu masu fafutuka da masu bincike da masu zane na birnin suka haɗu a ƙarƙashin suna MPD150, suka ce tun da kowane ma'aikaci akan duba aikinsa a rubuta masa rahoton shekara, to ita ma rundunar lokaci ya yi da za a rubuta mata nata. Ma'aikatan gwamnati da ke nan sun san nauyin irin wannan takarda. Rahoton da suka fitar ya bi tarihin rundunar tun daga farko, kuma tarihin da kansa, ko ba a ƙara masa gishiri ba, ya isa abin dubawa.

A 1901 wani likita, Albert Ames, ya koma kujerar magajin gari. Ya naɗa ɗan'uwansa shugaban 'yan sanda, ya kori kusan rabin rundunar, ya cike gurabensu da mutanensa, suka shiga karɓar la'ada daga gidajen caca da gidajen karuwai. Da asiri ya tonu a 1902 sai ya gudu daga jihar, ɗan jarida Lincoln Steffens kuma ya bazu da labarin a duk faɗin ƙasar a 1903. A ranar 20 ga Yuli 1934, lokacin yajin aikin direbobin manyan motoci, 'yan sanda suka buɗe wa ma'aikata wuta, suka harbi mutum 67, biyu suka mutu, kuma da yawa daga cikinsu a baya harsashi ya same su. Waɗannan kuwa galibinsu fararen fata ne, talakawa masu neman ƙarin albashi. A 1967 rikici ya ɓarke a titin Plymouth da ke arewacin birnin, inda baƙar fata suka fi yawa, har aka kawo sojojin jiha. A 1968 kuma 'yan asalin ƙasar, waɗanda ake ce wa Indiyawan Amurka, suka kafa ƙungiyarsu ta AIM a wannan birni, kuma ɗaya daga cikin ayyukanta na farko shi ne sintiri da dare a titin Franklin don sa ido a kan yadda 'yan sanda ke kama mutanensu.

Amma ɓangaren tarihin da ya fi ba masu neman sokewa ƙarfin hujja shi ne tarihin gyare-gyare. Minneapolis birni ne da ke alfahari da sassaucin ra'ayi, kuma kusan babu wani maganin da masana suka rubuta wanda bai sha ba. A 1990 an kafa hukumar farar hula mai sauraron ƙorafi a kan 'yan sanda, aka yi ta rage mata ƙarfi har aka musanya ta da wata a 2012. A 2003 an ƙulla yarjejeniyar sulhu tsakanin rundunar da shugabannin al'umma, da sa hannun jami'an gwamnatin tarayya. A 2015 Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta sa birnin cikin birane 6 da za a gwada sabon shirin gina amana tsakanin 'yan sanda da jama'a. An koya wa jami'ai yadda za su gane son zuciyar da ke ɓoye a ransu game da launin fata. A 2016 an maƙala musu kyamara a ƙirji. A 2017 an naɗa Medaria Arradondo, baƙar fata na farko da ya shugabanci rundunar, mutumin da shi kansa ya taɓa kai rundunar ƙara a 2007 tare da abokan aikinsa huɗu saboda nuna bambanci.

Duk da haka, a cikin waɗannan shekaru ne ɗan sanda ya harbe Jamar Clark a Nuwamba 2015, masu zanga-zanga suka yi kwana 18 a ƙofar caji ofis na yanki na huɗu cikin tsananin sanyi, ba a kuwa gurfanar da kowa ba. A 2017 wani ɗan sanda ya harbe Justine Damond, farar fata 'yar Ostareliya, wadda ita ce ma ta buga waya ta kira 'yan sandan. Shi an ɗaure shi, birnin kuma ya biya danginta dala miliyan 20. Baƙar fatar birnin sun lura da wannan bambanci, sun kuma riƙe shi. Hujjar MPD150 ke nan a taƙaice: idan an shekara 150 ana gyara abu yana komawa yadda yake, to watakila ba lalacewa ya yi ba, aikin da aka ƙera shi domin ya yi ne yake yi.

Inda ra'ayin ya samo asali

Kalmar sokewa da suke amfani da ita ba su suka ƙirƙiro ta ba. Kalma ce da ta fito daga gwagwarmayar soke bauta, kuma da gangan suka ɗauko ta. Masu wannan ra'ayi sukan tuna wa mutane cewa a kudancin Amurka, tun daga yankin Carolina a 1704, akwai 'yan sintiri da aikinsu shi ne kamo bayin da suka gudu. Wannan gaskiya ne, sai dai ba shi kaɗai ne tushen ba, domin 'yan sandan biranen arewa, irin na Boston da aka kafa a 1838, sun kwaikwayi rundunar Landan ce wadda Robert Peel ya kafa a 1829, kuma babban aikinsu a lokacin shi ne tsare dukiya da tanƙwara ma'aikata da baƙin haure. A 1997 Angela Davis da Ruth Wilson Gilmore da wasu suka kafa ƙungiyar Critical Resistance don neman soke gidajen kurkuku. Daga kurkuku maganar ta gangaro kan 'yan sanda, tun da su ne ke cika shi.

Abin da ƙungiyoyin Minneapolis suka ƙara shi ne sauko da maganar daga littafi zuwa takardar kasafin kuɗi. Biyu daga cikinsu suka fi fice: Black Visions, ƙungiyar matasa baƙar fata da aka kafa a 2017, da Reclaim the Block, wadda ma'anar sunanta ita ce a ƙwato unguwa, da ta fito a 2018. Tunaninsu mai sauƙin fahimta ne. Mafi yawan kiran da ake yi wa 'yan sanda ba na kisa ko fashi ba ne. Kira ne a kan mai taɓin hankali da ya fita hayyacinsa, ko mashayi, ko wanda ba shi da wurin kwana, ko hatsarin mota. Me ya sa za a tura mutum da bindiga a kan kowane ɗaya daga cikin waɗannan? A ɗauki kuɗin a kai ga gidaje, da asibitin masu taɓin hankali, da aikin yi ga matasa, sa'an nan buƙatar ɗan sanda za ta yi ta raguwa har wata rana ta ƙare. A ƙarshen 2018 sun cika zauren majalisa, suka sa aka ɗauke wajen dala miliyan 1 daga kasafin 'yan sanda aka kai ga ayyukan hana tashin hankali. Kuɗin ƙanƙani ne ƙwarai idan aka gwada shi da kasafin rundunar, amma sun koyi hanyar shiga majalisa, sun kuma san kowane ɗan majalisa da sunansa.

Shekarar 2020

A ranar 25 ga Mayu 2020 aka kira 'yan sanda wani kanti saboda zargin an ba da jabun takardar dala 20. Jami'i Derek Chauvin, wanda ya shekara 19 yana aiki kuma an shigar da ƙorafi aƙalla 17 a kansa, ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti 9 har ya mutu. Sanarwar farko da rundunar ta fitar cewa ta yi mutumin ya gamu da matsalar rashin lafiya. Da ba don wata yarinya mai shekara 17 ta ɗauki hoton abin da wayarta ba, da watakila a nan maganar ta tsaya. Ranar 28 ga watan aka ƙone caji ofis na yanki na uku bayan 'yan sanda sun fice daga ciki. An yi asarar dukiya ta wajen dala miliyan 500 a Minneapolis da maƙwabciyarta Saint Paul, kuma yawancin kantunan da aka ƙone a titin Lake na ƙananan 'yan kasuwa ne, da yawansu baƙi.

A cikin wannan hali ne ƙungiyoyin nan biyu suka ga ranar da suka daɗe suna jira ta zo. Ranar 6 ga Yuni suka tambayi magajin gari Jacob Frey a bainar jama'a ko zai yarda a soke rundunar. Ya ce bai yarda ba, aka yi masa ihu har ya bar wurin. Kashegari aka yi taron Powderhorn. Mutum 9 kuwa adadi ne mai ma'ana, domin ya isa a tsallake ƙin amincewar magajin gari. Gudummawa ta miliyoyin daloli ta yi ta kwararowa daga ko'ina cikin ƙasar zuwa ga ƙungiyoyin da a jiya ma'aikatansu ba su fi a ƙirga da yatsu ba, abin da daga baya ya jawo musu tambayoyi daga cikin gida game da yadda za a raba kuɗin.

To, a nan ne tarihi ya yi musu kwanton ɓauna. A 1961 masu ƙuri'a na birnin sun sa wani sashe a cikin kundin tsarin birnin, wanda ya wajabta wa majalisa ta samar da kuɗin ma'aikatan 'yan sanda aƙalla 17 ga kowane mutum 10,000, shi kuma kundin ya danƙa ikon rundunar kacokan a hannun magajin gari. Watau majalisar ta yi alkawarin abin da ba ta da ikon yi. Sai an gyara kundin, gyaran kundi kuwa sai da ƙuri'ar jama'a. Majalisa ta yi sauri ta amince da daftarin gyara a ƙarshen Yuni don a kaɗa ƙuri'a a Nuwamba, amma dole daftarin ya bi ta hannun hukumar kundin, wadda alƙali ne ke naɗa membobinta, ba zaɓarsu ake yi ba. Ranar 5 ga Agusta wannan hukuma, da ƙuri'a 10 a kan 5, ta ce tana bukatar ƙarin kwana 90 don nazari. Da wannan ƙarin lokaci zaɓen 2020 ya wuce. Ɗaliban mulki su lura da wannan wuri sosai: an ƙone caji ofis, an girgiza duniya, amma abin da ya tsai da tafiyar shi ne wani sashe na tsohon kundi da wani kwamiti da yawancin mutanen birnin ba su taɓa jin sunansa ba.

Kafin a sake samun dama, abubuwa sun sauya. Kisan kai a birnin, wanda bai kai 50 ba a 2019, ya haura 80 a 2020, ya wuce 90 a 2021. Gaskiya ne kisan kai ya ƙaru a duk faɗin Amurka a wannan lokaci, har a biranen da ba a taɓa kuɗin 'yan sandansu ba, amma uwar da aka harbi ɗanta ba lissafin ƙasa take yi ba. Jami'ai kuma suka yi ta barin aiki, da yawansu da hujjar ciwon firgici, har rundunar da ke da wajen mutum 900 ta koma ƙasa da 600. Wasu daga cikin 'yan majalisar da suka yi alkawari suka fara cewa ba haka suke nufi ba. A kasafin Disamba 2020 abin da aka iya ɗaukewa bai kai dala miliyan 8 cif ba, daga kasafin da ya kusa miliyan 180. Mutum 8 mazauna arewacin birnin, cikinsu har da tsohon ɗan majalisa Don Samuels, baƙar fata, suka kai birnin ƙara, suna neman a cika adadin 'yan sandan da kundi ya tanada.

Ƙuri'ar 2021

Ƙungiyoyin ba su karaya ba. Suka haɗu da wasu a ƙarƙashin gamayyar Yes 4 Minneapolis, suka bi gida gida suka tara sa hannun mutum fiye da 20,000, wanda ya tilasta a sa tambayar a takardar ƙuri'a. Amma abin lura shi ne yadda tambayar ta sauya. Ba a tambayi jama'a ko a soke 'yan sanda ba. An tambaye su ko a maye gurbin rundunar da sabuwar ma'aikatar tsaron jama'a, wadda za ta bi hanyar kiwon lafiyar al'umma, kuma za ta iya ƙunsar 'yan sanda idan akwai bukata, a kuma cire sashen nan na 1961. Masu goyon baya, irin su 'yar majalisar tarayya Ilhan Omar da babban lauyan jihar Keith Ellison, suka ce gyara ne mai hankali. Masu adawa, irin su gwamna Tim Walz da Sanata Amy Klobuchar da shi kansa Arradondo, suka ce ana so jama'a su rushe gida kafin a nuna musu zanen sabon. A ganina a nan masu adawa suka fi gaskiya, domin babu cikakken tsarin sabuwar ma'aikatar da aka ajiye a gaban masu ƙuri'a. Waɗanda suka ƙware wajen rubuta tarihin shekara 150 da suka wuce sun kasa rubuta na kwana 30 da za su biyo bayan zaɓe.

Ranar 2 ga Nuwamba 2021 aka kaɗa ƙuri'a. Kashi 56 cikin 100 suka ce a'a, kashi 44 suka ce i. Frey ya koma kujerarsa, aka ma ƙara wa ofishinsa iko, huɗu kuma daga cikin waɗanda suka hau dandamalin Powderhorn suka faɗi zaɓe. Abin da ya fi yi wa ƙungiyoyin ciwo shi ne mazaɓun arewacin birnin, inda baƙar fata suka fi yawa, su ma a'a suka ce. Wannan bai kamata ya zo da mamaki ba, domin tun a 2020 binciken kamfanin Gallup ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 na baƙar fatar Amurka suna so 'yan sanda su ci gaba da zama a unguwanninsu kamar da, ko ma fiye. Mutumin da ke tsoron ɗan sanda kuma yake tsoron ɗan bindiga, abin da yake nema shi ne ɗan sandan da zai zo in an kira shi, ya kuma tafi bai kashe kowa ba. Amma kada mu raina kashi 44 ɗin. Mutum fiye da 60,000 ne suka zaɓi a maye gurbin rundunar, a ƙasar da shekara 5 kafin nan babu ɗan siyasar da zai furta wannan magana.

A sauran birane ma guguwar ta lafa. Austin ta jihar Texas ta yanke kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafin 'yan sandanta a 2020, majalisar jiha ta yi doka a 2021 mai hukunta manyan biranen da suka yi haka, kuɗin ya koma. A Maris 2022 Shugaba Joe Biden ya tsaya a gaban majalisar tarayya ya ce ƙara wa 'yan sanda kuɗi ya kamata a yi. A nan gida kuwa, a ranar 11 ga Oktoba 2020 aka sanar da rushe rundunar SARS bayan zanga-zangar matasa, kwana biyu bayan haka aka sanar da wata sabuwa a madadinta.

Abin da ya biyo baya a Minneapolis bai ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. An sami Chauvin da laifin kisa a Afrilu 2021, aka yanke masa ɗaurin shekara 22 da rabi, birnin kuma ya biya iyalan Floyd dala miliyan 27. A Disamba 2021 aka fara tura ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa marasa bindiga zuwa ga masu taɓin hankali, wanda yana cikin ainihin abubuwan da Reclaim the Block ta nema tun farko. A Fabrairu 2022 'yan sanda suka kutsa wani gida da asuba ba tare da ƙwanƙwasa ƙofa ba, suka harbe Amir Locke, matashi mai shekara 22 wanda ba shi ake nema ba. A Afrilun wannan shekara hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta jihar ta fitar da rahoto cewa rundunar ta daɗe tana nuna bambancin launin fata, Ma'aikatar Shari'a ta tarayya kuma ta tabbatar da haka a Yuni 2023, ta ƙara da cewa 'yan asalin ƙasar ma abin ya shafe su. Hukumomi biyu na gwamnati ke nan suka sa hannu a kan yawancin abin da MPD150 ta rubuta a 2017.

An ƙulla yarjejeniyar gyara da jiha a 2023 a ƙarƙashin sa idon kotu. An ƙulla wata da tarayya a Janairu 2025, amma a Mayu na wannan shekara, kwanaki kaɗan kafin cikar shekara 5 da mutuwar Floyd, gwamnatin Donald Trump ta janye daga cikinta, alƙali kuma ya kori ƙarar. Sashen nan na 1961 kuwa, kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a Yuni 2022 cewa yana aiki, kuma bisa ƙidayar 2020 ya wajabta wa magajin gari ya riƙe 'yan sanda 731. A 2024 majalisar birnin ta amince da ƙarin albashi na fiye da kashi 20 cikin 100 ga jami'ai, domin ta jawo sababbi su cike guraben waɗanda suka tafi.